Marigayiya Pauline Kael: Mai Sharhin Sinima Da Ba Ta Ɓoye Ra'ayinta

A tarihin aikin jarida na ƙasar Amurka, kaɗan ne daga cikin masu sharhi a kan fina-finai suka yi tasiri irin na marigayiya Pauline Kael. Ta yi kimanin shekara 23 tana rubutu a mujallar The New Yorker, amma ba ta sami wannan matsayi ba sai da ta kai shekara 48 da haihuwa, bayan ta sha fama da talauci da kora daga aiki saboda faɗin abin da ke ranta.

An haife ta ran 19 ga watan Yuni, 1919, a garin Petaluma na jihar Kalifoniya. Iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Polan, sana'arsu kuwa kiwon kaji. Tana da shekara 8 gonar ta suɓuce musu, suka koma birnin San Faransisko da zama. A 1936 ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley inda ta karanta ilmin falsafa, amma ta bari a 1940 ba tare da ta karɓi digiri ba. Daga baya ta haifi 'ya mace, wadda ta rena ita kaɗai da abin da take samu daga ɗinki da girki da rubuta tallace-tallace.

Sharhinta na farko ya fito a 1953 cikin wata ƙaramar mujalla mai suna City Lights, inda ta kushe fim ɗin Limelight na shahararren ɗan wasan nan Charlie Chaplin. Ba da daɗewa ba ta soma gabatar da sharhi a gidan rediyon KPFA na Berkeley, ba a biyanta ko kwabo. A wannan gidan rediyo ne salonta ya nuna, domin takan yi magana da masu sauraro kamar ana hira, har ta karanta wasiƙun masu sukarta ta ba su amsa. Daga 1955 zuwa 1960 kuma ita ke kula da wani gidan sinima a garin, tana zaɓen fina-finan da za a nuna, tana rubuta bayani a kan kowanne.

Littafinta na farko, I Lost It at the Movies, ya fito a 1965, ya kuma sami kasuwa ƙwarai. Saboda haka mujallar mata ta McCall's ta ɗauke ta aiki, amma zaman bai ɗore ba. Ta yi ta sukar fina-finan da jama'a ke tururuwar kallo, ciki har da The Sound of Music, sai aka sallame ta a 1966. A mujallar The New Republic ma ba ta daɗe ba, domin editoci suna canza mata rubutu ba da yardarta ba.

Al'amura sun juya a 1967, lokacin da aka fito da fim ɗin Bonnie and Clyde. Manyan masu sharhi, irin su Bosley Crowther na jaridar New York Times, suka la'ance shi saboda zubar da jinin da ke ciki. Ita kuwa ta rubuta doguwar maƙala tana kare shi, editan The New Yorker, William Shawn, ya buga ta a watan Oktoba na wannan shekara. A 1968 ya ba ta gurbi a mujallar. Daga nan alƙalaminta ya taimaka wajen fito da sunayen masu shirya fim irin su Martin Scorsese da Robert Altman da Brian De Palma. A 1974 littafinta Deeper into Movies ya ci babbar lambar yabo ta littattafai ta ƙasar Amurka.

Duk da haka, ba a rasa inda ta yi tuntuɓe ba. A wata maƙala ta 1971 ta yi da'awar cewa marubuci Herman Mankiewicz ne ya cancanci mafi yawan yabo a kan labarin fim ɗin Citizen Kane, ba Orson Welles ba. Masana sun bi diddigi sun nuna cewa ta tauye wa Welles haƙƙinsa, an kuma gano ta yi amfani da binciken wani malamin jami'a, Howard Suber, ba tare da ambaton sunansa ba. Wannan tabo ya bi sunanta har bayan rasuwarta. A 1979 kuma ta amsa gayyatar ɗan wasa Warren Beatty ta tafi aiki Holiwud, amma bayan 'yan watanni ta gane ba wurinta ba ne, ta koma bakin aikinta.

Ciwon karkarwar jiki da ake kira Parkinson ya tilasta mata yin ritaya a 1991. Ta rasu ran 3 ga watan Satumba, 2001, a gidanta da ke Great Barrington ta jihar Massachusetts, tana da shekara 82. Har yanzu ana karanta littattafanta, ana kuma jayayya a kan hukuncin da ta yanke wa fina-finai da dama.