Robert Noyce

Robert Norton Noyce (12 ga Disamba, 1927 zuwa 3 ga Yuni, 1990) masanin kimiyyar fiziks ne kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, wanda ya fitar da Intel 4004, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko a kan guntun silikon guda da aka kai kasuwa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Burlington, jihar Iowa. Ya kammala kwalejin Grinnell a 1949, ya samu digirin digirgir a MIT a 1953.

Aiki

A 1956 ya kama aiki da William Shockley a Kalifoniya, amma zaman bai yi daɗi ba. A 1957 shi da abokan aikinsa bakwai suka fice suka kafa Fairchild Semiconductor. A can ne, a 1959, ya gano hanyar haɗa tiranzistoci da yawa a kan silikon guda, ana sada su da siririn layin ƙarfe maimakon waya. Jack Kilby na Texas Instruments ya riga shi da 'yan watanni, sai dai hanyar Noyce ce ta fi sauƙin ƙerawa da yawa.

Ya kafa Intel tare da Gordon Moore a 1968. Shekara guda bayan haka kamfanin Busicom na Japan ya nemi a ƙera masa guntaye goma sha biyu domin kalkuleta. Intel ƙaramin kamfani ne a lokacin, aikin ya fi ƙarfin ma'aikatansa. Injiniya Ted Hoff ya ba da shawarar a rage su, a yi guntu ɗaya mai bin umarnin manhaja, kuma Noyce ya mara masa baya. Ba Noyce ne ya zana shi ba. Federico Faggin ne ya jagoranci zanen daga 1970, tare da Masatoshi Shima na Busicom. An ƙaddamar da 4004 a Nuwamba 1971 da tiranzistoci kusan 2,300. Da Busicom ya shiga matsin kuɗi, Intel ya mayar masa da dala 60,000, ya samu izinin sayar da guntun ga kowa.

Mutuwa

Ya rasu a Austin, jihar Texas, sakamakon bugun zuciya, yana shugabantar Sematech. An ba Kilby kyautar Nobel a 2000, shekara goma bayan rasuwar Noyce, kuma ba a ba mamaci wannan kyauta.