Malam Sa'adu Zungur: Mawaƙin Da Burinsa Ya Fi Kwanakinsa Tsawo

An haifi marigayi Malam Sa'adu Zungur a birnin Bauchi, a gidan malamai, inda ya sauke Alƙur'ani ya kuma yi nisa cikin littattafan fiƙihu da Larabci tun yana yaro. Daga nan ya shiga makarantar boko har ya kai Kwalejin Katsina. A shekarar 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba ta Ikko. Mai irin wannan ilmi a wancan zamani, da ya so, sai ya kama aikin En'e ya zauna lafiya, ana girmama shi. Malam Sa'adu bai zaɓi haka ba, domin kuwa akwai wata Arewa da yake hange, wadda ba ta riga ta samu ba: ƙasa mai ilmi, maza da mata, inda talaka zai faɗi ra'ayinsa ba tare da tsoron dogari ba.

Wannan buri shi ya hana shi zama wuri ɗaya. Ya koyar a Kano da Zariya, ya kuma kafa ƙungiyoyin tattaunawa na 'yan boko. Da ya koma Bauchi, sai ya haɗu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a dandalin mahawara, inda tambayoyinsa suka riƙa tayar da hankalin hukuma. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko, daga baya ya karkata ga NEPU.

Amma a cikin waƙa ne burin nasa ya fi fitowa fili. Waƙar Bidi'a yaƙi ce da al'adun da ya ga sun gurɓata addini, Maraba da Soja kuwa ta tarbi dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Wadda ta fi su nauyi ita ce Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. A cikinta bai nemi a rushe sarauta ba, abin da masu yi masa kallon ɗan tawaye sukan manta. Gargaɗi ya yi wa sarakuna da su gyara da hannunsu tun kafin zamani ya gyara musu, ya kuma zargi jama'a da rungumar jahilci da bara da lalaci. Harshensa da kaifi, wani lokaci har ya yi yawa, ga kuma Larabci jingim wanda kan wahalar da ɗalibi. Duk da haka, bayan juyin mulkin 1966 an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran.

Shi kansa bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Doguwar rashin lafiya ta cinye ƙarfinsa shekara da shekaru, ya rasu a 1958 bai cika shekara arba'in da biyar ba, saura shekara biyu a sami mulkin kai. Allah ya jiƙansa da rahama.