Tarihin Van der Waals, Ɗan Kafinta Da Ya Zama Shaihin Malami

An haifi Johannes Diderik van der Waals a birnin Leiden na ƙasar Holan ran 23 ga Nuwamba, 1837. Mahaifinsa kafinta ne, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Da yake gidansu ba masu hali ba ne, bai sami shiga makarantar da ke kai yaro jami'a ba, sai ya kama aikin malanta a firamare, yana koyarwa yana kuma neman ilmi da kansa.

A 1862 ya fara halartar darussa a Jami'ar Leiden, amma doka ta hana shi zama jarrabawar digiri domin bai yi Latin da Girkanci ba. Sai da aka sassauta dokar sa'an nan ya sami digirin dakta a 1873, yana da shekara 35.

A wancan zamani lissafin da ake yi wa iskar gas ya ɗauka cewa ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta ba su da girma, kuma babu ruwan wata da wata. Van der Waals ya nuna kowace ƙwaya tana cin wuri, kuma akwai ɗan ja maras ƙarfi tsakaninsu. Da wannan ne ya bayyana yadda gas ke komawa ruwa in an sanyaya shi aka matsa shi.

A 1877 aka naɗa shi shaihin malamin fiziya na farko a Jami'ar Amsterdam. Ƙa'idar da ya fitar a 1880 ita ta yi wa Kamerlingh Onnes jagora har ya mai da iskar hiliyam ruwa a 1908. Matarsa ta rasu a 1881 ta bar masa 'ya'ya huɗu, bai kuwa sake aure ba. An ba shi lambar Nobel a 1910, ya rasu a Amsterdam ran 8 ga Maris, 1923.

Sai a 1930 Fritz London ya gano asalin wannan ja, watau motsin lantarki da ke cikin ƙwayoyin. Yanzu masana kan ɗauki ƙwaya mai ɗauke da kabon, su sa mata cajin lantarki, su sake ta ita kaɗai cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, inda babu ruwan da zai tsoma baki. A nan ake ganin yadda wannan ja, tare da jan cajin, ke sa doguwar ƙwaya ta naɗe ko ta miƙe. Siffar ƙwaya kuwa babban abu ce, domin da ita magani ke kama inda aka nufa a jikin mutum. Har yau da sunan van der Waals ake kiran wannan ja a littattafan kimiyya.