Baturiyar Da Ta Zauna Batagarawa Don Ta San Halin Manomi

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ba 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwar Jega, Aliero da Maiyama labarin wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, masaniyar tattalin arziki. An haife ta a 1914, ta rasu a 2005.

Matar nan 'yar gidan boko ce, don kawunta shi ne shahararren masanin nan Keynes, amma ba ta yarda da lissafin da ake yi daga ofis ba. A Gana ta fara, inda ta bi manoman koko ƙauye-ƙauye, ta nuna a littafinta na 1963 cewa su da kansu suka sayi filaye suka gina noman da ake kai amfaninsa Turai. A Kumasi kuma ta binciki aikin fatoma da dillalan shanu, yadda amana da bashi ke riƙe fatauci tsakanin ƙasa da ƙasa. Mu mutanen Jega, da ayarin goron Gwanja ya saba yada zango a garinmu, ai ba baƙon zance ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamanta a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Ta bi gida-gida, ta gano cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba. Mai ƙaramin ƙarfi bashi ke tilasta masa ya sayar da hatsi da kaka, ranar da ya fi araha. Mai hali ya saya ya cika rumbu. Damina na faɗuwa talakan nan ya dawo yana awo da tsada, har ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a ta wani. Ta kuma nuna cewa matan kulle, ta hannun yara 'yan talla, suna juya ciniki mai yawa wanda gwamnati ba ta lissafa shi. Daga baya ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi ta Kano.

To jama'a, ba haka albasar Aliero take ba? Ranar cira buhu kamar kyauta, bayan 'yan watanni sai mai kuɗi. Ina roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi ta duba maganar wurin ajiya da rance kafin kaka, ba bayanta ba.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Jega.