David Sheldrick, Majiɓincin Giwayen Tsavo

An haifi David Sheldrick a Iskandariya ta ƙasar Masar a 1919, ya tashi a Kenya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1948, aka naɗa shi shugaban gandun dajin Tsavo ta Gabas na farko. Ya shimfiɗa hanyoyi domin masu zuwa kallon giwaye, ya kafa rundunar da ta ƙuntata wa mafarautan haure. Shi da maiɗakinsa Daphne sun yi ta renon marayun giwaye. Yana kan aiki farin 1970 zuwa 1971 ya hallaka dubbansu. Ya rasu a 1977. Gidauniyar da aka kafa da sunansa har yau tana ceton marayun giwaye.