TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU ABUBAKAR ATIƘU SANKA (R.T.A.), 1909 – 1974

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda Ya ɗaukaka darajar malamai masu aiki da iliminsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Yardar Allah ta tabbata ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyan Allah a duk inda suke kwance.

Bayan haka, ƙasar Daura ƙasa ce da ta san darajar riƙe sunayen magabata. Har yau ana jero sunayen sarauniyoyinta da sarakunanta, ana kai baƙo rijiyar Kusugu a ba shi labarin Daurama da Bayajida, kuma duk watan Rabi'ul Awwal jama'a na taruwa daga kusa da nesa domin Sallar Gani. Amma akwai wasu magabatan da ba a yi musu tambari, waɗanda su ne suka koya wa mutane alwala da salla, suka ba su wuridi, suka sallaci iyayensu, sannan suka koma ga Allah, sunayensu na dusashewa a hankali. Domin haka ya dace a wannan taro mai albarka a waiwayi rayuwar wani bawan Allah, haifaffen Katsina, mazaunin Kano, wanda ya ƙarar da kaso mai yawa na rayuwarsa wajen tsare tarihin malamansa da magabatansa don kada su ɓace. Shi ne Shehu Abubakar Atiƙu na Sanka.

NASABARSA DA TASHINSA

Sunansa Abubakar, laƙabinsa Atiƙu, ɗan Malam Halliru ɗan Abubakar ɗan Musa. An haife shi a birnin Katsina wajajen shekarar 1909, wato 'yan shekaru kaɗan bayan Turawan mulkin mallaka sun ci ƙasar Hausa. Katsina kuwa gari ne na ilimi tun da daɗewa, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17 kuma har yau ake ziyartar makwancinsu. Tun yana ƙaramin yaro aka kai shi Kano, inda wata dattijuwa daga cikin danginsa ta riƙe shi. A Kano ya girma, ya yi karatu, ya zauna a unguwar Sanka cikin birni, har sunan unguwar ya bi shi. Duk da haka bai taɓa yar da asalinsa ba, domin a littattafansa yakan jingina kansa ga Katsina, ya rubuta Alkashinawi a ƙarshen sunansa.

KARATUNSA DA MALAMANSA

Bayan karatun Alƙur'ani mai girma, Shehu Atiƙu ya shiga karatun zaure kamar yadda aka saba a wancan zamani, ana bin littafi ɗaya bayan ɗaya a gaban malami, daga ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya zuwa manya, tare da nahawu da lugga da tauhidi da tasawwufi.

Malamai biyu ne suka fi kowa tasiri a kansa. Na farko shi ne Malam Muhammadu Salga, babban masanin fiƙihu, wanda almajiransa suka shahara da sunan Salgawa, ya kuma rasu wajajen 1939. Na biyu shi ne Malam Abubakar Mijinyawa, masanin sirrin ɗariƙa kuma mawallafi, wanda ya rasu a 1946. A hannun na farko ya sha fiƙihu da tsantseni wajen bin nassin littafi, a hannun na biyu kuma ya zurfafa a ilimin ɗariƙar Tijjaniyya da sharuɗɗanta da asiranta. A zamanin ƙuruciyarsa ne kuma Sharif Muhammadul Alami, mutumin Maroko, ya sauka Kano a 1923, ya ƙarfafa wa 'yan'uwa yin wazifa cikin jam'i a zawiyya. Saboda haka Shehu Atiƙu ya tashi a daidai lokacin da ɗariƙar take fitowa daga zaurukan manyan malamai tana shiga cikin 'yan kasuwa da masu sana'a.

SAƁANI A KAN HAƘƘIN MAMACI

Tun yana almajiri ya ga wani babban saɓani da ya auku tsakanin malaminsa Malam Salga da malaman Madabo, wadda ita ce tsohuwar makarantar fiƙihu ta Kano, kuma a cikinta Malam Salga kansa ya yi karatu. Saɓanin ya shafi jana'iza da abin da ke biyo bayanta: me ya tabbata a littafi, me kuma al'ada ce kawai ta shigo da shi, musamman tarukan da ake yi a gidan mamaci a ranaku ƙayyadaddu tare da rabon sadaka. Malam Salga ya rubuta Risalatus Su'al yana sukar abin da yake ganin ba shi da tushe, malaman Madabo kuma suka mayar da martani a rubuce suna kare abin da suka tarar magabatansu a kai. Dukkan ɓangarorin biyu Malikawa ne, kuma akwai Tijjanawa a kowannensu. Ba wanda ya yi musun cewa mamaci yana da haƙƙi a kan rayayyu. Abin da aka yi jayayya a kai shi ne hanyar sauke wannan haƙƙi.

Wanda ya dubi ayyukan Shehu Atiƙu zai ga hanyar da shi ya bi wajen sauke wa malamansa nasu haƙƙin. Ya yi musu addu'a, ya karantar da abin da suka karantar da shi, sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta su. Abincin sadaka yakan ƙare a yini ɗaya, masu zaman makoki su watse, amma abin da tawada ta kama yakan kai ga jikoki da tattaɓa-kunne.

SHIGARSA FAILA

A aikin hajjin 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Senegal, ya sallama masa, ya gayyace shi Kano. Shehu ya ziyarci Kano a 1945, kuma daga nan ne manyan almajiran Malam Salga suka karɓi Faila. Cikinsu akwai Shehu Atiƙu da Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari da Shehu Sani Kafinga da Shehu Usman Maihula. Waɗannan malamai ne da suka riga suka yi suna, suna da zaurukansu da almajiransu, amma girman kai bai hana su tafiya Kaulaha su zauna zaman almajirai su karɓi tarbiyya ba. Da suka dawo, ta hannunsu da hannun almajiransu Faila ta bazu a birane da ƙauyukan Arewa da ƙasar Nijar, musamman bayan zuwan da Shehu Ibrahim ya yi Kano a bainar jama'a a 1951.

Wannan yaɗuwa ba ta zo da sauƙi ba. A 1949 an rushe wasu wuraren wazifar Tijjanawa a lardin Sakkwato, aka yi ta musayar waƙoƙi masu zafi tsakanin malamai, kuma Shehu Atiƙu yana cikin waɗanda suka tsaya suka kare ɗariƙa da alƙalaminsu. Waɗanda suka yi wancan saɓani duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu baki ɗaya. Abin lura shi ne, zikirin Juma'a da wazifar da ake yi yau a fili cikin kwanciyar hankali, akwai waɗanda suka sha wahala kafin a kai ga haka.

RUBUCE-RUBUCENSA

Shehu Atiƙu yana cikin malaman da suka fi yawan wallafa a Nijeriya a ƙarni na 20. Ya yi rubutu a zube da kuma a waƙe, mafi yawa da Larabci, wasu kuma da Hausar ajami domin amfanin waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. An buga da dama daga cikin littattafansa a Alƙahira da Kano tun yana raye. Ya rubuta Ifadatul Murid a kan sharuɗɗan wuridi, ya yi gargaɗi a kan shan taba, ya yi yabon Manzon Allah (S.A.W.) da na Shehu Tijjani, ya kuma rubuta labarin tafiyarsa zuwa birnin Fas domin ziyarar kabarin Shehu, wanda ya rasu a can a 1815. Bayan rasuwarsa an tattara waƙoƙinsa na Larabci aka buga a diwani mai suna Hadiyyatul Ahbabi wal Khillan.

Amma fagen da ya yi fice a kansa fiye da tsararrakinsa shi ne tarjama, wato rubuta tarihin rayuwar malamai. Ya keɓe littafi guda, Tahsilul Waɗar, ga rayuwar Malam Muhammadu Salga, kuma da yawa daga abin da aka sani yau game da wannan babban malami ta wannan hanya ya iso. Ya rubuta Alfailul Hami', inda ya bi mazajen da ke cikin salsalarsa yana bayyana ko su wane ne, daga ina suka fito, a hannun wa suka karɓa, wa kuma suka bai wa. Masu binciken tarihin Tijjaniyya a ƙasar Hausa, na gida da na waje, har yau suna komawa ga wannan littafi. Haka kuma bai manta da mahaifarsa ba, domin ya tsara sunayen sarakunan Katsina da tarihinsu a waƙe. Ga kuma marsiyyoyin da ya yi wa malamai da abokai idan sun rasu, bisa al'adar malaman ƙasar nan ta ambaton halayen mamaci da ƙulle shekarar rasuwarsa cikin baiti da hisabin haruffa, yadda wanda ya haddace waƙar ya haddace tarihin ke nan.

Wannan himma tana da tushe a cikin ɗariƙar kanta. Babu muridin da ya tsinci wuridinsa a hanya. Kowa ya karɓa ne daga muƙaddami, shi ma daga wani, har a kai ga Shehu Tijjani (R.T.A.). Ashe ke nan salsala jerin sunayen mutane ne waɗanda mafi yawansu sun rasu, kuma ingancin izinin mai rai yana rataye da su. Shehu Atiƙu bai yarda waɗannan sunaye su zama haruffa kawai a jikin takardar ijaza ba. Ya so muridi ya san mutanen da ke bayan sunayen, domin ba a cika son wanda ba a sani ba, kuma addu'ar da aka yi wa wanda aka sani ta fi fitowa daga zuci.

ZAMANSA DA JAMA'A

Gidansa na Sanka ya kasance makaranta kuma zawiyya. Almajirai na ɗaukar karatu, muridai na karɓar wuridi da tarbiyya, masu buƙata na zuwa neman addu'a, domin ya shahara ƙwarai da sanin asirai. Mutum ne mai son littafi, mai tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da ijazozi, yana kwafe abin da ya samu, yana adanawa. Taskar littattafan da ya bari ta zama abin da manazarta ke nema domin sanin tarihin malaman Kano da Katsina.

RASUWARSA

Allah Ya karɓi ran Shehu Abubakar Atiƙu a Kano a shekarar 1974, daidai da 1394 bayan Hijira, yana da kimanin shekara 65. Rasuwarsa ta zo a tsakiyar wasu manyan rashe-rashe da suka girgiza 'yan'uwa. Abokinsa Shehu Tijjani Usman ya riga shi a 1970 sakamakon haɗarin mota. A 1975 kuma Shehu Ibrahim Inyass ya rasu a wani asibiti a birnin Landan aka kai shi Kaulaha aka rufe, a shekarar ce kuma aka rasa Shehu Muhammadu Gibrima na Nguru. Cikin shekara biyar ginshiƙan Faila da dama suka kau, amma ginin bai faɗi ba, saboda sun bar almajirai kuma sun bar rubutu.

ABIN DA YA RAGE GA 'YAN'UWA

Yau sama da shekara 50 ke nan da rasuwarsa. Mutanen da suka karɓi ɗariƙa a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana sarauta har zuwa 1966, kusan duk sun wuce, waɗanda suka gan su da ido kuma sun manyanta. A Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, da ƙauyukan da ke kewaye da su har zuwa tsallaken iyaka, babu zawiyyar da ba ta da wanda ya fara shimfiɗa farin ƙyalle a cikinta. Akwai liman da ya yi shekara 40 yana jan wazifa, akwai mai gida da ya ba da filin masallaci, akwai uwa da ta ciyar da almajirai ba ta taɓa neman a ambace ta ba. A ƙaramin gari kowa ya san su, shi ya sa ba a ga buƙatar rubuta su ba. To amma sanin da ke cikin ƙirji yana tafiya tare da mai shi zuwa kushewa.

Aikin da Shehu Atiƙu ya yi wa malamansa bai fi ƙarfin kowace zawiyya ba. A sami ɗalibi mai kyakkyawan rubutu ya zauna gaban dattawa tun suna da rai, ya rubuta sunan muƙaddamin da ya rasu da na mahaifinsa, da inda ya yi karatu, da wanda ya ba shi izini, da littattafan da ya karantar, da shekarar rasuwarsa da inda aka rufe shi. A buɗe gafakar da ya bari a duba ijazozinsa kafin gara da damina su cinye su. A rubuta abin da aka tabbatar kawai, ba ƙari ba ragi, domin bayin Allah ba su buƙatar a yi musu ƙarya. Sannan a riƙa karanta sunayen a irin wannan taro, yara su ji, a yi musu addu'a tare da sauran iyaye da 'yan'uwa da suka rigaya.

Allah Ya ƙara yarda da Shehu Abubakar Atiƙu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da mafificin alheri, Ya albarkaci zuriyarsa da almajiransa. Allah Ya jiƙan malamai da muƙaddamai da iyaye maza da mata na ƙasar Daura da na sauran ƙasashen Musulmi, waɗanda aka sani da waɗanda aka manta. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya maimaita wannan taro cikin alheri, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.