Abdul Karim, Bajamushen da ya ratsa Damargu

Yau za mu ba ku tarihin wani mai yawon buɗe ido wanda ya bi ta ƙasarmu ya rubuta abin da ya gani. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashen musulmi an san shi da Abdul Karim. An haife shi a birnin Hambur na Jamus a shekara ta 1821. Ya yi karatu mai zurfi a Barlin, ya koyi Larabci, daga baya kuma ya ji Hausa da Barbarci.

A watan Maris na 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da Richardson da Overweg, da kuɗin gwamnatin Ingila. Suka bi ta Murzuk da Gat, suka shiga duwatsun Abzin, inda ya tarar da kwazazzabai masu goriba. A watan Oktoba ya ziyarci Agadas. Bayan haka suka bi ayarin gishiri na Kel Ewe, wanda Annur yake shugabanta, suka nufo kudu.

Kafin su iso Damargu sai da suka ratsa dajin Tagama cikin tsananin ɗari, rijiyoyi nesa da juna, ga ƙarangiya tana damunsu. Barth ya rubuta cewa wannan daji mazaunin raƙumin dawa ne da mariri. A farkon Janairu na 1851 suka shigo Damargu, ƙasar da ta haɗa Tanut da Belbeji a yau. Nan ya ga gonakin hatsi da rumbuna da garken shanu da dawakai, ya gane cewa da geron Damargu Abzinawa suke rayuwa.

A ƙauyen Tagelel aka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Overweg ya rasu a gaɓar tafkin Cadi a 1852. Barth kaɗai ya ci gaba: ya ga Tasawa, Katsina, Kano, Sakkwato da Say, ya isa Tambutu a 1853, ya koma Turai a 1855. Littafinsa mai juzu'i 5 ya fito a 1857 da 1858. Ya rasu a Barlin a 1865, yana da shekara 44.

Amfanin littafin gare mu shi ne ya zama ma'auni. Mariri ya ƙare a dazuzzukanmu, raƙumin dawa ya ƙaurace wa Damargu, sai a wajen Kure da Gadabeji ake ganinsa. Farin 1973 da na 1984 da saran itace sun rage ƙarfin ƙasa. Saboda haka ya wajaba manoma da makiyaya da ma'aikata su kiyaye sauran itatuwa da makiyaya, domin Damargu ta riƙe matsayinta na rumbun arewa.